Jami'ar Connecticut: Ko Ta Dace da 'Yar da Ke Son Ƙwallon Kwando?

Duk iyayen da 'yarsu ta yi fice a ƙwallon kwando kuma take burin karatu a Amurka, da wuya su gama bincike ba su ci karo da Jami'ar Connecticut ba, wadda aka fi sani da UConn. Ƙungiyar matanta ta lashe kofin jami'o'in ƙasar sau 12, na farko a 1995, na baya-bayan nan kuma a 2025, lokacin da ta doke Jami'ar South Carolina da ci 82 da 59. Mai horar da su, Geno Auriemma, yana riƙe da ƙungiyar tun 1985, kuma a hannunsa fitattun 'yan wasa irin su Diana Taurasi da Maya Moore da Breanna Stewart suka goge.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka riƙe Jana El Alfy, 'yar ƙasar Masar, wadda gasar 2025 ta riske ta a cikin watan Ramadan. Ta ci gaba da azuminta tana buga wasa, abokiyar wasanta Paige Bueckers kuma tana tashi da asuba domin ta haɗa mata sahur. Ga uwar da ke fargabar tura 'yarta uwa duniya, wannan ya fi kofi nauyi.

Sai dai akwai abin dubawa. Garin Storrs, inda jami'ar take, ƙaramin wuri ne mai nisa da hayaniyar birni, kuma sanyin hunturunsa da dusar ƙanƙara kan wahalar da wadda ta taso a ƙasar zafi. Haka nan, tun da zaratan 'yan wasa ne kawai ake ɗauka, yarinya na iya shafe kaka guda a kan benci ba ta samu mintuna masu yawa a fili ba. Ɗalibar da ta shigo da bizar karatu kuma tana fuskantar takunkumi wajen karɓar kuɗin talla, wanda takwarorinta 'yan ƙasa ke samu.

A ganina, UConn ta dace da wadda ta riga ta kai matakin ƙungiyar ƙasa ta matasa kuma take hangen gasar ƙwararru ta WNBA. Wadda ba ta kai nan ba, gara ta nemi ƙaramar jami'a da za ta ba ta cikakken tallafin karatu da damar shiga fili a kowane wasa, ta kuma tambayi mai horarwa tun kafin sa hannu ko tallafin zai ɗore idan ta ji rauni.