Kuɗin Wata, Sayen Intanet ko Faifai: Ta Wace Hanya Za Ka Kalli Shirye-shiryen Almarar Kimiyya?

A watan Disamba na 2022 aka cire Westworld da Raised by Wolves daga manhajar HBO Max, duk da cewa don kamfanin aka shirya su. A watan Yuni na 2023 Paramount+ ta yi wa Star Trek: Prodigy haka, sai daga baya Netflix ta ɗauke shi. Dalilin kuɗi ne. Muddin shiri yana kan manhaja akwai haƙƙin da ake ci gaba da biyan waɗanda suka yi aikinsa, in kuma aka sauke shi ana iya ba da hayarsa ga wani, kamar yadda Westworld ya koma tashoshin kallo na kyauta masu talla. Tun daga lokacin masoya irin waɗannan shirye-shirye suka koma tsohuwar muhawararsu: biyan kuɗin wata, ko danna "saya" a shagon intanet, ko ajiye faifai a gida?

Amsar ta danganta da tambaya guda da za ka yi wa kanka a kan kowane shiri: sau ɗaya zan kalle shi, ko zan riƙa komawa? Wanda za a kalla sau ɗaya, kuɗin wata ya wadatar. Wanda za a riƙa komawa, faifai ya fi. Na tsakiyar nan, wato sayen intanet, shi ne ya fi rikita mutane.

Kuɗin wata ba shi da wani sarƙaƙiya. Sabbin shirye-shirye can suke fara fitowa, wasu ma can kawai suke tsayawa. Dabarar ita ce kada ka riƙe manhaja huɗu lokaci guda. Jira zango, wato jerin kashin shiri da ake fitarwa a lokaci guda, ya kammala fita, ka biya na wata ɗaya, ka kalla, ka soke. Abin da ake mantawa wajen lissafi shi ne data. Netflix da kanta ta ce kallo a matakin HD yana iya cin gigabait 3 a awa, na 4K kuma har gigabait 7. Star Trek: The Next Generation yana da kashi 178, kowanne kusan minti 45, wato awa 133 da ɗoriya. A HD wannan ya doshi gigabait 400 kafin a kai ƙarshe sau ɗaya. In ka sake komawa farko, ka sake biya.

Sannan akwai matsalar da ta fi damun almarar kimiyya a kan sauran nau'o'in fim, wato duhu. Don hoto ya bi ta intanet sai an matse shi, kuma wurin da matsin ya fi yi wa ɓarna shi ne inda baƙi yake sajewa da toka a hankali: sararin samaniya, hayaƙin injin jirgi, dogon lungu mai fitila guda. Dubi kumbo yana wucewa gaban tauraro a babban talabijin da dare. Maimakon hasken ya dushe sumul, sai ka ga ya kasu zobe-zobe kamar an yanka albasa, taurarin bayansa kuma suna ɓacewa suna dawowa. Shirin 4K ta intanet yawanci yana tafiya ne a kan megabit 15 zuwa 25 a daƙiƙa, alhali faifan 4K yana iya haura 80 a wuraren da hoto ya yi nauyi. A allon waya ba za ka lura ba. A talabijin mai inci 55 zuwa sama, ido ba ya buƙatar a nuna masa.

Sayen intanet yana da daɗin sha'ani: ba na'ura, ba kwali, ba jiran saƙo. Sai dai abin da aka sayar maka izinin kallo ne, kuma izinin yana rataye da yarjejeniyar da ke tsakanin shagon da mai shirin. A Disamba 2023 Sony ta sanar cewa za ta goge shirye-shiryen kamfanin Discovery daga ɗakin ajiyar waɗanda suka riga suka saya a PlayStation. An janye matakin bayan an sabunta yarjejeniya, amma kowa ya ga inda gizo ke saƙar. Da aka rufe Funimation, manhajar kallon zanen katun na Japan, a Afrilu 2024, kwafin intanet da mutane suka samu tare da faifansu bai bi su zuwa Crunchyroll, manhajar da ta gaje ta, ba. Har jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ke tilasta wa shaguna su bayyana cewa lasisi ne mutum yake karɓa idan ya danna "saya". Kayan aro ba ya rufe katara. Wannan hanya tana da amfani ne kawai ga shirin da bai fito a faifai ba kuma ba ya kan manhajar da kake biya, musamman in an karya farashin zango gaba ɗaya. Kada kuma ka dogara da manhajar Movies Anywhere don haɗa sayayyarka wuri guda: a Amurka kawai yake aiki, kuma fina-finai yake ɗauka, ban da shirye-shiryen talabijin.

Faifai shi ne inda ake buƙatar natsuwa, domin a nan ake yin cinikin biri a sama.

Iri uku ne. DVD yana ɗaukar gigabait 4.7 ko 8.5, hotonsa layi 480 ko 576. Blu-ray yana ɗaukar 25 ko 50, hotonsa layi 1080. Faifan 4K, wanda ake rubuta wa Ultra HD Blu-ray, yawanci 66 ne ko 100, kuma yana zuwa da HDR, wato faɗin tazara tsakanin haske da duhu. A ɓangaren sauti, Blu-ray da 4K suna ɗauke da Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗanda ba a rage musu komai ba, saɓanin na intanet da aka matse. In lasifikar talabijin kawai kake da ita, wannan bambancin ba zai kai kunnenka ba, kada ka biya kuɗi dominsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa Blu-ray kullum ya fi DVD nesa ba kusa ba. Ya danganta da yadda aka haɗa shirin tun asali. Yawancin shirye-shiryen Amurka na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 a kan fim mai milimita 35 aka ɗauke su, amma a kan kaset na bidiyo aka yi tacewa da haɗa siddabarun hoto, don ya fi sauri da sauƙin kuɗi. Ke nan cikakken shirin da ke ajiye mai layi 480 ne. Wanda yake son HD na gaskiya dole ya koma ma'ajiya, ya zaƙulo asalin fim ɗin, ya sake ɗaukar hotonsa a kwamfuta, ya sake tace kowane kashi, ya sake gina siddabarun. Wannan aikin CBS ta yi wa The Next Generation, ta fitar da zangonsa bakwai a Blu-ray daga 2012 zuwa 2014, kuma duk wanda ya saya bai yi asara ba: har zaren rigunan 'yan wasa ana gani. Deep Space Nine da Voyager, su ma na Star Trek, ba su sami wannan gata ba, ga tsada, ga shi jiragensu na zangunan ƙarshe da kwamfuta aka zana su a ƙaramin mataki. A hukumance DVD kawai suke da shi. Don haka in ka ga wani yana tallar "Deep Space Nine Blu-ray", jabu ne, an hura hoton DVD an ƙona a faifai.

Babylon 5 nasa labarin daban ne. An ɗauki 'yan wasa da niyyar faffaɗan allo, amma zanen kwamfutar a sikelin 4:3 na tsoffin talabijin marasa faɗi aka yi shi. Da aka zo fitar da DVD a faffaɗan allo, sai aka yanke sama da ƙasan duk wurin da ke da zanen kwamfuta aka zuƙo shi, hoton ya riƙa dusashewa duk lokacin da tashar sararin ta bayyana. Gyaran da aka yi a 2021 ya mayar da shirin 4:3, shi ne kuma ya fito a Blu-ray a Disamba 2023. A nan baƙin gefe biyu na allo alama ce ta kaya mai kyau. Shi kuwa Star Trek na farko, na shekarun 1960, Blu-ray ɗinsa yana ba ka zaɓi tsakanin siddabarun asali da sababbin da aka zana a gyaran 2006, abin da manhajoji ba su cika bayarwa ba. Tsohon Doctor Who mafi yawansa kai tsaye a bidiyo aka ɗauka, saboda haka jerin The Collection na Blu-ray hurarren hoto ne mai tsabta. Darajarsa tana cikin gyaran sauti da tarin ƙarin shirye-shiryen da aka zuba masa. Kuma babu wani kwali da zai ba ka shekarun 1960 cikakku, domin BBC ta goge kaset-kaset ɗinta a wancan zamani, fiye da kashi 90 har yau ba a gano su ba.

Bayan asalin hoto, sai lambar yanki. Blu-ray ya kasa duniya uku: A ta ƙunshi nahiyar Amurka, Japan, Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai, Afirka, Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma Rasha, Sin, Indiya da maƙwabtansu. DVD yana da lamba 1 zuwa 6. In lambar faifai ba ta dace da ta na'ura ba, saƙon ƙin karɓa kawai za ka gani a allo. Faifan 4K ba shi da wannan shinge. Tarkon yana cikin kwalin da ya haɗa 4K da Blu-ray: na 4K zai yi aiki ko'ina, amma abokin tafiyarsa, wanda sau da yawa shi ke ɗauke da hirarraki da bayan fage, yana iya zama a kulle. Duba bayan kwali, ƙasa, inda ake buga harafin cikin ɗan tambari. A nan ne kuma ake jera harsunan rubutun fassara. Wani abu da ya shafi DVD na PAL, wato tsarin talabijin na yawancin Turai da Afirka: shirin da aka ɗauka hoto 24 a daƙiƙa ana gudanar da shi a 25, sai ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari, muryoyi su ɗan sirance. Mai kunnen kiɗa zai ji a waƙar buɗe shiri.

Rubutun "cikakken shiri" a kan kwali shi ma a bincike shi. Battlestar Galactica na 2004 ya fara ne da gajeren shiri mai kashi biyu na 2003, wanda in babu shi kashi na farko ba zai fahimtu ba, sannan akwai fina-finan Razor da The Plan da ba kowane bugu ya haɗa da su duka ba. Firefly kashi 14 ne, tashar da ta nuna shi a 2002 ta hargitsa jerinsu, faifai ne ya mayar da su daidai. Fim ɗin Serenity na 2005 da ya rufe labarin daban ake sayar da shi. Ƙirga kashi, ka gwada da jerin da aka sani kafin ka biya.

Game da na hannu: bayanan Blu-ray suna kwance ne milimita 0.1 daga fuskar faifai, a ƙarƙashin wani shafi mai tauri, na DVD kuwa milimita 0.6. Shi ya sa Blu-ray ba ya saurin karcewa, amma in karcen ya yi zurfi gogewa ba ta cika ceto shi ba, alhali DVD yakan farfaɗo. Juya faifan a haske. DVD ɗin da aka buga a masana'anta bayansa azurfa ne, wanda aka ƙona yakan yi shuɗi-shuɗi mai ja, ko da yake akwai kamfanonin da ke sayar da ƙonanne a hukumance kuma suna faɗa. Zango guda da aka cusa a faifai ɗaya ko biyu shi ma abin zargi ne. Sai kuma ruɓewar faifai: a 2025 Warner ta amince cewa wasu DVD ɗinta na tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu. Irin wannan ba a ganinsa da ido, sai shiri ya kai tsakiya ya maƙale. In kwali na wannan zamanin ne, a gwada kowane faifai har ƙarshe tun ana iya mayarwa. Katin lambar kwafin intanet da ke cikin kwali kuwa kada a sa shi a lissafin ciniki, yana da ranar ƙarewa, kuma a na hannu galibi an riga an yi amfani da shi.

Na'urar kunnawa tana ƙara wuya. Oppo ta daina ƙera ta a 2018, Samsung ta janye daga kasuwar Amurka a 2019, LG ta bi sahu a 2024. Panasonic da Sony ne suka rage a manya. Panasonic DP-UB820 ta yi suna wajen daidaita HDR da ƙarfin hasken talabijin, abin da ke da amfani ƙwarai a shiri mai yawan duhu. Sony UBP-X700 ta fi sauƙin kuɗi, sai dai da hannu ake kunna mata Dolby Vision, wani nau'in HDR, da hannu kuma ake kashewa, in ka manta launi ya fita ba daidai ba. Mai PlayStation 5 mai ramin faifai ko Xbox Series X ya riga ya mallaki na'urar 4K, illa dai ba sa fitar da Dolby Vision daga faifai, HDR10, wato HDR na gama-gari, za su ba ka. Wayar HDMI ta kasance mai ɗaukar gigabit 18, a kuma soka ta a ramin talabijin mai HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafi da faifan 4K ke buƙata. A tsofaffin talabijin na 4K ba kowane rami ke da shi ba, kuma wannan ne sanadin yawancin koken "na sayi 4K amma allo ya yi baƙi" ko hoto ya sauko 1080.

Shirye-shiryen da manhajoji suka yi da kansu ba su da tabbas a faifai. Disney ta fitar da zango biyu na farko na The Mandalorian a 4K a Disamba 2023, da zangon farko na Andor a Afrilu 2024, cikin kwalin ƙarfe. Irin wannan bugu yakan ƙare, farashinsa ya haura a hannun 'yan kasuwa. Ana yawan sanar da sababbin bugu a kusa da taron San Diego Comic-Con na watan Yuli, don haka mai jiran wani shiri ya sa kunne a lokacin. Kwalin ƙarfe dai faifan cikinsa ɗaya ne da na roba idan an fitar da duka biyun, kuma yana lotsewa a hanya in ba a naɗe shi da kyau ba, saboda haka a tambayi mai sayarwa yadda zai ƙunshe shi kafin a tura kuɗi.