Sharhi kan dbx 266xs: matse murya ba tare da an shaƙe ta ba

Akwai mai maganar da yanzu yana raɗa, an jima kaɗan ya daka tsawa har lasifika ta nemi yagewa. Saboda irinsa na jona kwamfuresa, wato na'urar da ke rage ƙarfin sauti idan ya yi yawa, ƙirar dbx 266xs a layin makirufo na mikisata (na'urar haɗa sauti), kuma ta yi mini aikin da nake nema, da sharaɗin kada a cika mata hannu.

Na'ura ce mai layi biyu, kowanne da maɓallansa, ana kuma iya haɗe su su yi aiki tare idan sautin sitiriyo ne. Maɓallin tireshol shi ke tsayar da iyakar da matsi zai fara, daga desibel -40 zuwa +20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Na reshiyo kuma yana faɗin yawan matsin. Idan ka ajiye shi a 4:1, duk desibel 4 da murya ta haura iyaka, 1 kaɗai zai fita. Ga mai jawabi, 3:1 ta ishe ni. Ina juya tireshol a hankali ina kallon fitilun da ke nuna abin da aka rage, har sai sun riƙa taɓa desibel 3 zuwa 6 a lokacin da ya ɗaga murya, su mutu idan ya sassauta. In fitilun nan suka ƙi mutuwa, to muryar a shaƙe take, za ka ji ta a kwance, ba rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin OverEasy. Da ka danna shi, matsin yakan shigo sannu a hankali tun kafin sauti ya kai iyaka, mai sauraro ba zai gane inda aka kama muryar ba.

Saurin kamu da saurin saki, wato saurin da na'urar ke fara matsi da saurin da take daina shi, su ne wurin da aikin yake son natsuwa. Kamu mai sauri ƙwarai yana cinye kan kalma, kuma a ganga yana kashe wannan bugun farko da ke ba ta kaifi. Saki mai sauri kuma yakan sa hayaniyar ɗaki ta riƙa tasowa tsakanin kalma da kalma, kamar na'urar tana haki. A kan murya nakan danna Auto in bar ta ta zaɓa da kanta, sakamakon kuwa yana da kyau. A kan ganga ne nake saitawa da hannu, in jinkirta kamun kaɗan.

Sai a yi hattara da maɓallin ƙarin ƙarfi na ƙarshe. Kunne yana da son abin da ya fi ƙara, don haka da ka ɗaga shi sai ka ɗauka sautin ya gyaru. Ka mayar da abin da matsi ya rage kawai, sannan ka kunna ka kashe kwamfuresar kana kwatantawa a ƙarfi ɗaya. A zauren taro, wuce gona da iri a nan yana jawo kukan makirufo, domin ƙarin yana ɗaga har sautin da ke dawowa daga lasifika.

Na'urar tana da ƙofar da ke rufe layi idan an yi shiru. Kaɗan nake taɓa ta, don in ta yi tsanani tana datse ƙarshen kalmomin mai magana a hankali. Wanda ke fara koyon matse sauti zai ji daɗin wannan na'ura, musamman saboda fitilunta na nuna masa abin da hannunsa yake yi.