Zanen Jiragen Masunta: Wanne Ya Dace da Gidan Maradi?

Zanen kwale-kwalen masunta a bakin birni, ko na gaɓar kogin Neja a Yamai ko na Guet Ndar, unguwar masunta a Saint-Louis ta Sanagal, yana da farin jini a gidajenmu, domin sau da yawa babu fuskar mutum a cikinsa, abin da ke kwantar da hankalin magidanta da dama. Sai dai abin da ake sayarwa iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi arha shi ne bugun inji. Wanda ya ga hoton jiragen da Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, ya zana a 1888 a shago ya sani kwafi ne, domin ainihin yana Amsterdam. Bugu ba laifi ba ne idan an sayar da shi a matsayin bugu, amma rana tana kashe masa launi.

Na fentin akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa, aikin hannu ne, yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Aibinsa a wurinmu shi ne, idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 fuskarsa tana yin taushi, ƙura ta manne mata.

Na fentin mai shi ne zaɓina ga mai hali. Saboda jinkirin bushewarsa, mai zane yana samun damar narkar da launi cikin launi, kuma a yadda aka zana ruwa ake gane gwaninta: inuwar jirgi ta karye a kan igiyar ruwa, ta yi duhu kusa da gindinsa, ta dusashe nesa da shi. Idan ruwan shuɗi ne shimfiɗe kamar fentin bango, a bar shi. A karkata zanen zuwa hasken taga. Na gaske yana nuna sawun buroshi daidai da siffar abin da aka zana, bugu kuwa sumul yake. A tambaya yaushe aka gama shi, domin sai ya yi wata 6 zuwa shekara kafin a shafa masa man kariya, kuma wanda ba a shafa wa ba zai sha wahala da hunturu.

Wanda zai ɗauko shi daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, idan dole ne a naɗe, to fentin ya kalli waje. A gida a rataye shi nesa da rana da hayaƙin turaren wuta, a riƙa kakkaɓe shi da buroshi mai laushi, kada jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa shi.