Digiriza ko sabulun gama-gari: wanne ya dace da wane sashe na mota?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo jarkar digiriza, wato maganin cire maiƙo, mai lita 5 don wanke injin motarka, ka ga yadda ta narkar da baƙin mai nan take, shi ne kake tambaya ko za ka tsarma mata ruwa ka riƙa wanke motar gaba ɗaya da ita, har fenti da kujeru da dashbod, ko kuwa sai ka ƙara sayen sabulun gama-gari, wanda ake rubuta All Purpose Cleaner a jikin robarsa. Shawarata ita ce kada ka yi. Jarkar nan tana da wurin aikinta, amma wurin ba shi da yawa.

Su biyun dangin juna ne. Kowannensu ruwa ne da aka haɗa da sinadarin da ke kama maiƙo ya sake shi cikin ruwa, sannan aka ƙara masa kaifi irin na kanwa ko soda. Yawan kaifin ne ya raba su. Ana auna shi da pH, daga 0 zuwa 14: ruwa mai tsabta yana kan 7, abin da ya yi ƙasa tsami ne, abin da ya yi sama ɓangaren soda ne. Shamfu na mota yana kusa da 7. Sabulun gama-gari mai sauƙi yakan tsaya wajen 9 zuwa 11. Digiriza mai ƙarfi, irin Super Clean na Amurka mai launin shunayya, ya haura 12, kuma akwai soda a cikinsa, ita dai wadda mata ke haɗa sabulu da ita suna kaffa-kaffa da hannunsu. Kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki 10 ne. Ke nan tsakanin 10 da 13 ninki 1,000 ne, ba ɗan bambanci ba.

A nan dabararka ta tsarma ruwa take samun cikas. Idan ka ninka ruwa sau 10 a kan abu mai soda, mataki ɗaya kacal yake sauka, ko ma bai kai ba. Na 13 ya koma wajen 12. A ido ya tsinke, launinsa ya dusashe, amma kaifin yana nan. Kuma kada suna ya ruɗe ka: Green Star na kamfanin Koch Chemie na Jamus ana sayar da shi a matsayin na gama-gari, alhali pH ɗinsa 12.5 ne. Juya robar ka karanta bayanta. Idan ka ga an ambaci soda, ko an yi gargaɗi game da alminiyon, ɗauke shi a matsayin digiriza ko me aka rubuta a gaba.

A injin da ƙarƙashin mota, digiriza ke gaba, babu gardama. Baƙin man da ya tsiyayo daga gasket ya cakuɗe da ƙurar hunturu ya zama danƙo, sabulun gama-gari sai ka maimaita shi kana dirzawa kafin ya motsa, digiriza kuwa minti biyu ko uku ya ishe shi. Amma nan ɗin ne kuma ya fi yin ɓarna, domin soda tana cin alminiyon, injinan yanzu kuma cike suke da shi: murfin kan injin a motoci da dama, jikin altaneta, bututun AC. Ka fesa a kan ƙarfe mai ɗumi, ruwan ya gangara ya bushe kafin ka ɗauko tiyo, sai ka tarar da fararen layuka kamar an ja alli. Wannan ba datti ba ne da za a sake wankewa, fatar ƙarfen ce ta ciwu, sai dai a goge da folish. Don haka bari injin ya huce har ka iya ɗora tafin hannunka, rufe altaneta da akwatin fiyus da bakin shaƙar iska da leda, jiƙa wurin da ruwa tukuna, fesa, bi da burushi, ka ɗauraye tun yana jiƙe, ba da ruwa mai matsin gaske ba. Injin da ƙura ce kawai a kansa ba ya bukatar digiriza sam, na gama-gari ya wadatar.

Taya ma ta digiriza ce. Wannan jan-ƙasan da ke fitowa a gefenta ba ƙurar hanya kaɗai ba ce, sinadarin da masu ƙera taya ke sa wa don kare robar daga tsagewa ne yake fitowa waje ya sauya launi. Dirza da burushi mai tauri, za ka ga kumfa ta fito ruwan ƙasa, maimaita har ta fito fara. Rim kuwa sai da lura. Mai fenti zai jure na gama-gari, wanda alminiyon ɗinsa yake a fili yana ƙyalli kada digiriza ya kusance shi.

A jikin fenti ban yarda da ko ɗaya a matsayin sabulun wanka ba. Digiriza yana kwashe waks, man da ake shafa wa fenti don kare shi, a wanki ɗaya, yana mayar da baƙaƙen robobin bamba da na gefen gilashi toka-toka, idan kuma ya bushe a kan bonet a ranar Afrilu ta Kano ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tabon na iya zama. Na gama-gari ya fi sauƙi, amma shi ma yana rage waks a hankali, kuma ba shi da santsin da ke hana yashi karce fenti yayin da soso ke wucewa. Amfaninsa a waje na lungu-lungu ne: cikin ƙofofi da hinjinsu, murfin tankin mai, kewayen tambari, ƙwarin da suka manne a gaba bayan tafiyar dare. Sauran jikin, shamfu. Ina jin takaici in ga mota mai kyau ana zuba mata omo a bokiti, wata shida baya mai ita yana cewa fentin ne ba shi da inganci.

Cikin mota, na gama-gari ne kaɗai zai shiga. Kamfanin Meguiar's sun rubuta wa nasu na gama-gari, D101, awo biyu: kashi 4 na ruwa da kashi 1 na magani ga datti mai nauyi, kashi 10 da 1 ga matsakaici. A robar feshi mai lita 1, na farko mililita 200 ke nan, na biyu kusan 90, sauran ruwa. Fara da mai ruwa-ruwan. Fesa a tsumma, ba a kan dashbod ba, don kada ya silale cikin maɓallai. A kujerar yadi da kafet yana fitar da maiƙon abinci da zufa sosai, amma dole ka bi da tsumma mai ruwa zalla ka tsane, domin ragowar sabulu na yin danƙo, ƙura ta manne, kujerar ta fi da datti. Digiriza a nan yana dusar da launi, yana kankare rubutun maɓallai, ga shi sitiyari da giya hannunka ne a kansu kullum, ga shaƙa a rufaffiyar mota. Kujerar fata tana da nata sabulun. Allon rediyo tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Silin da gam aka manna shi, idan ya sha ruwa zai saki ya rufto. Bel ɗin kujera kuma littattafan motoci sabulu mai sauƙi da ruwa suke cewa, kada ka gwada masa komai mai kaifi, rai ne a kansa.

Akwai dattin da ya fi ƙarfin su biyun. Fararen ɗigon da ruwan burtsatse ke bari a gilashi ma'adini ne, abu mai ɗan tsami ke cire shi, soda ba ta yi masa komai. Baƙar ƙurar birki da ta kafe a rim ƙarfe ce, tana da nata maganin. Kwalta sai mai narkarwa, kuma nan ne kawai nake yarda da ɗan kananzir a bakin tsumma, a wanke wurin da shamfu nan take. Watsa kananzir ko dizal a injin, yadda wasu masu wanki ke yi, yana kumbura tiyon lagireto ya sa fambel santsi. Fetur kuwa kiran gobara ne.

Ajiye jarkarka don injin, taya da cikin modigad, za ta daɗe maka. Sayi ƙaramar robar na gama-gari, lita 1 a awon 10 da 1 tana ba ka lita 11, sai shamfu. Sa safar hannu ta roba, kare idonka lokacin feshi, yi aiki a inuwa, kada ka haɗa ko ɗaya da Hypo. Duk sabon maganin da ka buɗe, gwada shi a ƙasan kujera ko cikin but ka jira ya bushe kafin ka kai shi inda ido ke gani.