Eriya uku da na saya, da abin da suka nuna mini game da kamfanonin da suka ƙera su

Duk wanda ya ɗan jima a harkar rediyon sha'awa, wato wadda mutum ke karɓar lasisi da lambar kira domin ya riƙa zantawa da takwarorinsa na kusa da na nesa ba don neman kuɗi ba, ya san cewa na'urar da ke kan tebur ba ta kai muryarsa ko'ina sai da eriyar kirki a waje. Mu da lambobinmu ke farawa da 5N a Najeriya ko 5U a Nijar muna da wata matsala ta daban, domin sanannun kamfanonin da ke ƙera eriyar wannan harka suna Japan da Amurka da Turai, kuma kafin dogon kwali ya iso hannunka ka riga ka biya kuɗin jirgi da na kwastan, waɗanda wani lokaci sukan kusa kamo kuɗin kayan. Garantin da aka rubuta a takarda ba ya yi mana amfani sosai, tunda mayar da bututu mai tsawon mita biyu zuwa ƙasar da ya fito ya fi sayen sabo tsada. Da wannan ma'aunin na auna eriya uku da na yi aiki da su, biyu na sanannun kamfanoni, ɗaya kuma ta wani mai sayarwa a intanet wanda ba zan ambaci sunansa ba.

Ta farko ita ce X50 ta kamfanin Diamond na Japan, wadda ke aiki a zangon mita 2 da na santimita 70, wato wajen megahaz 144 da 430. Tsawonta mita 1.7 ne, jikinta farin bututu ne guda ɗaya na roba mai zaren gilashi, da gajerun sanduna uku a gindi, kuma kamfanin ya rubuta mata ƙarfin tattara sigina 4.5 dB a zangon farko da 7.2 dB a na biyu, da juriyar wat 200. Babu abin da ake saitawa a jikinta, an gama komai tun daga masana'anta. Abin da ya fara burge ni bai wuce 'yar jakar notuna ba: kowane noti ya hau zarensa ba tare da gardama ba, ƙarfen kuma irin wanda ba ya tsatsa ne, sannan adadin da aka lissafa a takarda shi na tarar a jakar. Na ɗaura ta a kan bututun ruwa na ƙarfe a saman soro, ta sha hunturu da ƙurarsa, ta sha iskar farkon damina da kan yaye kwanon makwabta, har yau awonta yana nan yadda na fara ganinsa. Shawarata ga mai saye ita ce ya nemi samfurin da ke da mahaɗi nau'in N, saboda mahaɗin PL-259 da aka fi sabawa da shi, ko wane kamfani ya yi shi, ba a ƙera shi don ya tare ruwa ba. Ya kuma kula da inda zai saya, domin jabun eriya masu ɗauke da tambarin Diamond da na Nagoya sun cika kasuwannin intanet, kuma rahusar da ta wuce hankali ita ce alamarsu ta farko.

Akwai wani abu game da alƙaluman dB da ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan yi wa sabon shiga wayo. Ana auna ƙarfin eriya ne ta hanyar kwatanta ta da wata, kuma ma'aunan biyu ne: dBi, wanda ke kwatanta ta da eriyar lissafi mai watsawa daidai ta kowace fuska, da dBd, wanda ke kwatanta ta da waya mai rabin tsawon zango. Tsakaninsu akwai 2.15 dB, ta yadda eriyar da aka ce tana da 2.15 dBi ba ta fi wayar da mutum zai yanka da hannunsa daidai rabin tsawon zango ya rataya tsakanin bishiyoyi biyu da komai ba. Idan kamfani ya rubuta dB kawai ya yi shiru, ni nakan ɗauka dBi yake nufi, in rage biyu da ɗoriya a zuciyata. Sannan duk abin da eriya ta tara, kebul mara kyau yana iya zubar da shi, domin mita 30 na siririn RG-58 yana cinye fiye da rabin ƙarfin na'ura a zangon mita 2 kafin ya kai saman soro, alhali RG-213 mai kauri asararsa ba ta kai haka ba.

Ta biyu ita ce 4-BTV ta Hustler, wadda ake ƙerawa a jihar Texas ta Amurka, kuma tana cikin tsofaffin samfuran da har yanzu ake saye. Tsayayyar sanda ce ta alminiyum da ta ɗan haura mita 6, tana aiki a zangon mita 10 da 15 da 20 da 40, da taimakon wasu gwangwanaye masu naɗaɗɗiyar waya a ciki da ke tsakanin bututun, waɗanda kowannensu ke tsayar da siginar zangonsa ya bar na zangon da ya fi shi tsawo ya wuce. Wannan kam tana son haƙuri. Ana saita ta ne daga zangon mita 10 a bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa mita 40, ana zura bututu ko jawo shi kaɗan-kaɗan, kuma duk gyaran da aka yi a ƙasa yana taɓa na sama. Na yini guda ina kwantar da ita ina tayarwa, ga 'yar na'urar awo ta NanoVNA a hannu, ga yaro yana riƙe mini gindi.

A nan ne na koyi darasin da ya fi kowanne amfani a wurina. Sanda irin wannan rabin eriya ce, ɗaya rabin kuwa ƙasa ce, ko wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙasa daga gindinta kamar haƙarƙarin lema. Tsayayyar eriya mai rubu'in tsawon zango a kan ƙasa mai kyau tana nuna turjiya wajen om 36, kebul kuma om 50 yake so. Busasshiyar ƙasa mai yashi irin tamu ta rani takan ƙara tata turjiyar ta asara a kai, sai jimillar ta matso kusa da 50, awon SWR, wato awon yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya zuwa na'ura, wanda ƙanƙantarsa ce kyawunsa, ya yi kyau ƙwarai, mai eriya ya yi ta murna alhali wani kaso na ƙarfinsa yana ɗumama yashi ne kawai. Da na fara da wayoyi huɗu awon ya yi lumui, amma tashoshin Turai da kyar suke jina a mita 20. Da na kai su goma sha shida sai awon ya ɗan tashi, rahoton da ake ba ni kuma ya gyaru. Kamfanin DX Engineering na jihar Ohio, wanda ke sayar da wannan eriya, ya wallafa nasa littafin bayani mai faɗi a kanta, kuma ya nanata batun waɗannan wayoyi, yana kuma sayar da sassanta ɗai-ɗai. Wannan shi nake kira kulawa da mai saye, domin idan gwangwani ɗaya ya lalace ƙaramin ƙunshi za a aiko maka, ragowar kuwa bututun alminiyum ne da maɗauran tiyo waɗanda ba sa gagarar mai gyara a kasuwa.

Ta ukun ita ce ta koya mini cewa araha ba ta ado. An tallata ta da cewa tana aiki a kowane zango daga mita 80 zuwa mita 6 ba tare da saiti ba kuma ba tare da wayoyin ƙasa ba, ga ta gajeriya, ga hotuna masu sheƙi. Takardar da ta zo da ita shafi ɗaya ce mai dishi-dishi, babu zanen abin da ke cikin baƙin akwatin da ke gindinta, babu jerin sassa. Awon SWR kuwa ya kwanta ƙasa da 2 daga farkon gajeren zango har ƙarshensa, abin da ya kamata ya tayar mini da hankali tun ranar, domin eriyar gaskiya takan yi kyau a wani wuri ta ƙi a wani. Abin da ke ba da awo mai kyau a ko'ina shi ne abin da ke shanye ƙarfi ya mayar da shi zafi, kuma hakan na tabbatar da na taɓa akwatin bayan 'yan mintoci ina watsawa da wat 100, na ji shi kamar gefen tukunya. Bayan damina ɗaya na kwance shi. Sukurorin sun yi ja da tsatsa har biyu suka karye a hannuna, ruwa ya kwanta a ciki, jan ƙarfen ya koma kore, dalmar da aka liƙa wayoyin da ita ta yi burtsi-burtsi kamar ba ta narke sosai ba, tururuwa kuma sun yi gida a kusurwa. Na aika saƙo sau uku da hotuna ina tambayar ko ana sayar da akwatin shi kaɗai, amsar da na samu guda ɗaya ce, ita ma godiya ce da roƙon in ba su taurari biyar.

SWR ba abin raini ba ne, amma an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Awon 1.5 yana nufin kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin ne ke dawowa, awon 2 kuma wajen kashi 11, asarar da wanda ke saurarenka ba zai ji ta a kunnensa ba. Saboda haka kamfanin da tallansa gaba ɗaya ya tsaya a kan wannan awo, bai ce komai game da nauyin iskar da eriyar ke jurewa ko irin ƙarfen notunanta ba, ni yanzu nakan wuce shi.

Girman suna ma ba ya tabbatar da cewa kayan gyara za su samu har abada. Kamfanin MFJ, wanda Martin Jue ya kafa a 1972 a garin Starkville na jihar Mississippi, kuma wanda ya mallaki tsofaffin sunaye irin su Hy-Gain da Cushcraft, ya sanar a 2024 cewa ya daina ƙera kaya a masana'antarsa. Duk mai eriyar da ke da wani sashe na roba ko gwangwani na musamman daga waɗannan sunaye dole ya fara tunanin inda zai samu madadinsa. Tun daga lokacin na ɗauki wata al'ada: kafin in biya ko kwabo nakan sauke littafin bayanin eriyar in karanta shi tsaf, in duba ko kowane sashe yana da lambarsa, sannan in aika wa kamfanin tambaya guda ta fasaha, misali kaurin bututun ƙasa ko yadda robar ke jure zafin rana, in jira in ga wanda zai amsa da kuma yadda zai amsa. Abin da nake shirin saye nan gaba shi ne sandar Spiderbeam ta Jamus mai tsawon mita 12, wadda ake zuƙewa ta koma gajeriya, in ɗaura mata waya mai tsawon mita 10 don zangon mita 40, kuma tuni na yanka wayoyin ƙasa na naɗe su suna jira a ɗakin ajiya.