Na'urar zuba wa kyanwa abinci: yadda ta yi mana aiki a watan Maris

Wanda ya tashi a Kano, inda bambancin tsawon yini tsakanin damina da hunturu bai kai awa ɗaya da rabi ba, dole ya yi mamakin yadda rana ke tsawaita a Manchester. A ƙarshen Disamba yinin bai fi awa bakwai da rabi ba, amma da shigowar Maris sai ya riƙa ƙaruwa da kusan minti huɗu a kullum. Kyanwa kuwa ba ruwanta da agogon bango, da haske take aiki, kuma a ɗabi'arta da asuba da almuru ne ta fi kuzari. Tamu ta soma zuwa bakin ƙofar ɗaki tana kuka tana yakushin katako tun gari bai gama wayewa ba, kuma kowace safiya sai ta riga jiya zuwa.

Wannan ne ya sa muka sayi na'urar da ke zuba busasshen abinci da kanta a lokacin da aka saita mata. Babban amfaninta, a ganina, shi ne ta raba kyanwar da tunanin cewa sai ta tashi mutum daga barci za ta ci. Mun saita ɗan kaɗan ya zubo da sassafe, ragowar kuma muka kasa shi uku zuwa dare. Ba a yi mako guda ba sai na fito alwalar asuba na tarar da ita zaune a gaban kwanon, ta naɗe wutsiya ta kafa kunne, tana jiran ƙarar zubowar abincin.

Na'urar ta kuma taimaka a Lahadin ƙarshe ta Maris, ranar da ake tura agogon Birtaniya gaba da awa ɗaya. Maimakon mu sauya mata lokacin cin abinci a tashi ɗaya, sai muka riƙa matso da shi da minti goma kullum har kwana shida kafin ranar, ta yadda ba ta ma lura an yi sauyi ba.

Sai dai na'urar tana da nakasu. Agogonta ba ya gyara kansa, sai an bi maɓallai da hannu, kuma rubutun da ke jikin allon ƙanana ne ƙwarai. Ba ta ɗaukar jiƙaƙƙen abinci, saboda haka duk wanda kyanwarsa ba ta yawan shan ruwa sai ya riƙa ba ta jiƙaƙƙen da hannunsa. Kuma ba kowane kuka ne na yunwa ba: tsawaitar yini na sa macen da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba ta shiga neman namiji, wannan kuwa maganar likitan dabbobi ce. Ga matsalar tashin asuba dai kuɗinmu bai tafi a banza ba, musamman da muka haɗa da labule mai kauri a ɗakin da take kwana.