Wane Madubi Ya Kamata A Saya Don Kallon Tagwayen Hotunan Jiragen Ƙasa Na Da?

Duk wanda ya taɓa riƙe katin tagwayen hotuna a hannu bai da madubin kallonsa, ya san irin takaicin da ke ciki. Kati ne mai kauri, tsawonsa inci 7, faɗinsa inci 3 da rabi, an liƙa masa hotuna biyu gefe da gefe waɗanda ido zai rantse iri ɗaya ne, alhali kuwa kyamara mai ido biyu ce ta ɗauke su, ɗaya daga hagu kaɗan, ɗaya daga dama kaɗan, kamar yadda idanun mutum suke. Sai an saka katin a madubi, kowane ido ya ga nasa hoton shi kaɗai, sannan ƙwaƙwalwa ta haɗe su, abin da yake kwance a kan takarda ya miƙe tsaye. A ganina babu abin da wannan hikima ta dace da shi kamar kan jirgin ƙasa mai tururi, domin tukunyarsa doguwa ce, ƙafafunsa jere suke ɗaya bayan ɗaya, ga layin dogo da ke miƙewa har ya ƙure wa gani, kuma duk waɗannan abubuwa ne da suke neman zurfi.

Charles Wheatstone ne ya fara bayyana wannan hikima a Ingila a 1838, da wata na'ura mai madubai biyu wadda ba ta da amfani ga mai katunan da muke magana a kai. David Brewster ya fito da ta akwati mai gilasai a 1849, aka baje ta a babban baje kolin Landan na 1851. Akwatin Brewster abin sha'awa ne a ajiye a kan kanta, kuma yana da kyau ga hotunan da aka buga a kan gilashi, amma yana da tsada, cikinsa duhu ne, kuma katunan baya masu lanƙwasa sukan ƙi shiga bakinsa. Wanda jiragen ƙasa suka dama, ya wuce shi kawai.

Abin da nake ba kowa shawara a kai, ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba, shi ne madubin Holmes. Oliver Wendell Holmes, likita a Bostan ta Amurka, shi ne ya tsara shi wajen 1861, kuma da gangan bai yi rajistar mallakarsa ba, wanda hakan ya sa kamfanoni da yawa suka yi ta ƙera shi har ya cika gidaje. Siffarsa ba ta da wani rikici: rumfa ce da ake kifa fuska a ciki, da gilasai biyu, da ɗan katako a tsakiya da ke raba ganin ido biyu, da sanda doguwa a gaba, da mariƙin kati mai wayoyi biyu da ke zamewa gaba da baya a kan sandar, sai kuma maƙamar hannu a ƙasa. Sirrinsa yana cikin gilasan. Ba ƙara girma kaɗai suke yi ba, suna kuma karkatar da haske zuwa waje kaɗan, domin tazarar da ke tsakanin hotuna biyun ta fi tazarar idon mutum, wadda ba ta wuce kimanin santimita 6 da rabi ba. Shi ya sa mai kallo ba ya wahalar da idonsa, hotunan suna haɗuwa da kansu. Kuma tunda katin a fili yake, ba a rufe cikin akwati ba, ka juya bayanka ga taga kawai, hasken rana ya sauka a kansa.

Mafi yawan katunan jiragen ƙasa da za ka samu, don irin wannan madubi aka yi su. Alfred Hart, mai ɗaukar hoto na kamfanin Central Pacific, ya bi aikin shimfiɗa dogo daga Sakramento ya haye duwatsun Siyera Nebada, ya bar hotuna 364. Andrew Russell kuma ya bi na Union Pacific daga gabas. Layukan biyu sun haɗu a Promontory da ke Yuta ranar 10 ga Mayu, 1869, inda aka tsayar da kawunan jirgi biyu fuska da fuska, Jupiter da mai lamba 119. Idan ka saka hoton ɗayansu a madubin Holmes ka ja mariƙin a hankali har ya zauna daidai, za ka ga abin da hoto mai kwance ba ya nunawa. Bututun hayaƙin Jupiter mai faɗin baki ne kamar mazurari, domin itace yake ci kuma dole a tare tartsatsi, shi kuwa 119 kwal yake ci, bututunsa miƙaƙƙe ne siriri. A madubi, bakin mazurarin nan yakan fito da kewayensa sosai, ƙarafunan gaba masu ture dabbobi daga kan dogo su nufo ka kamar za su soki hancinka, mutanen da suka hau kan tukunya kuma kowa ya tsaya a nasa wurin, wani gaba wani baya, ba su cakuɗe kamar zane a bango ba.

Yana da aibi ɗaya da ba zan ɓoye ba. Rumfar tsofaffin ƙarama ce, ba a yi ta don mai tabarau na zamani ba, sai dai ka cire tabaraun ka gyara da mariƙin kati, wanda ga mafi yawan mutane ya wadatar. Cikin nau'o'insa na fi son masu rumfar alminiyam da bakin karammiski, irin waɗanda kamfanonin Underwood & Underwood da Keystone da H. C. White suka riƙa sayarwa wajen 1900, saboda sun fi masu rumfar katako jure zafi da bushewar hunturu.

Sauran madubai ba za su ɗauke mu lokaci ba. Madubin OWL na London Stereoscopic Company na roba ne, yana naɗewa, mai tabarau yana jin daɗinsa, kuma shi ne zaɓi na biyu idan ba a sami na Holmes mai lafiya ba. View-Master, wanda ya fito a 1939, faifai masu zagaye yake ci masu hotuna bakwai-bakwai, tsohon kati ba ya shiga cikinsa ko ta wace hanya. Tabarau mai ja da shuɗi na hoton da aka sarrafa musamman da launuka biyu ne, kuma yana dusashe ƙananan abubuwa irin su ƙusoshin tukunya. Akwatin kwali da ake saka waya a ciki yana da amfani idan hotunan da Laburaren Majalisar Amurka da babban laburaren birnin Niyok suka ɗora a intanet kyauta za ka kalla, amma wannan ba riƙe kati ba ne.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau, domin ni ma an taɓa shafa mini. Madubina na farko na saye shi ne daga wani mai sayar da tsofaffin kaya a intanet, wanda ya ɗauki hotonsa ta gaba kaɗai, rumfa tana ƙyalli. Da ya iso, babu mariƙin kati. Madubin Holmes da babu mariƙi kuwa ado ne kawai, kuma mariƙin wani ba lallai ya shiga sandar wani ba, domin faɗinsu ya bambanta. Saboda haka kada ka biya ko kwabo sai an nuna maka sandar tun daga rumfa har ƙarshenta, da mariƙin a kanta, da wayoyinsa biyu a tsaye. Ka nemi a ɗauki gilasan a gaban haske, ka duba tsagewa da hazo. Ka tambaya ko an taɓa cire su, domin idan aka mayar da su a juye, ɓangare mai kauri ya koma ta wajen hanci maimakon waje, hotunan ba za su taɓa haɗuwa ba, sai ciwon kai. Akwai kuma sababbi da ake ƙerawa ana shafa musu launin tsufa. Sabo ba laifi ba ne idan an faɗa, laifin shi ne a sayar da shi da kuɗin tsoho.

Cutar da ta fi wannan muni tana cikin katunan. Tun a zamanin da, akwai waɗanda suke ɗaukar hoto guda su buga shi sau biyu su liƙa gefe da gefe. Na sayi irin wannan, wani kan jirgi a tsaye a tasha, na yi ta jan mariƙi gaba da baya ina zargin idona, ashe babu zurfin da zai fito domin babu shi tun asali. Gwajin mai sauƙi ne, kuma ana iya yin sa ko da a hoton da mai sayarwa ya turo. Ka zaɓi abu mafi kusa, misali fitilar gaban jirgi, ka ga inda ta faɗa a kan wani abu mai nisa kamar turken waya ko gefen rufin tasha. A kati na gaskiya wurin zai ɗan gota tsakanin hagu da dama. Idan bai gota ko kaɗan ba, ka bar shi. Wani lokaci kuma hotunan na gaskiya ne amma an liƙa na hagu a dama, sai ka ga tukunya ta lotsa ciki, sararin sama ya taso gaba.

Bayan haka sai ka duba ko hoto ne na ainihi ko bugun inji. Na ainihi takarda ce siririya da aka liƙa a kan kati, za ka ji bakinta da farce, kuma na shekarun 1860 da 1870 launinsu ruwan ƙasa ne mai ɗumi, da farin ƙwai kuma ake shafe takardar. Na bugun inji, waɗanda suka yawaita bayan 1900, sau da yawa masu launi, ɗigo-ɗigo ne, kuma madubi yana ƙara girman ɗigon har ya rufe jirgin. Siffar katin ma tana faɗin shekarunsa: na farko-farko miƙaƙƙu ne masu kusurwa mai kaifi, masu lanƙwasa sun zo ne daga wajen 1880, saboda haka wanda ya nuna maka lanƙwasasshen kati ya ce bugun 1869 ne, ko bai sani ba ko yana so ya cuce ka. Idan ka ga kan sarki na haraji a bayan katin Amurka, tsakanin 1864 da 1866 aka sayar da shi. Sunan da ke kan kati ma ba hujja ba ce ta wanda ya ɗauka, domin hotunan Hart sun koma hannun wani mai ɗaukar hoto, Carleton Watkins, daga baya, ya ci gaba da buga su da sunansa, kuma farashin bugu biyun ba ɗaya ba ne.

Idan kayan sun iso, kada ka yi ƙoƙarin miƙar da lanƙwasasshen kati a ƙarƙashin littattafai, haka aka yi shi, kuma zai tsage. Ka jera su a tsaye cikin akwati mai murfi, nesa da rana da danshin damina, gilasan kuma ka hure ƙurar hunturu daga kansu kafin ka kai ƙyalle.